Bargon Faci a Batha: Yadda Ake Haɗa Ƙyallaye Su Zama Abin Rufa

Wanda bai taɓa kwana a Riyad ba yakan ɗauka garin zafi ne kawai, kuma ba a ga laifinsa ba, tunda daga Yuni zuwa Agusta zafin rana kan haura digiri 43. Sai dai birnin yana kan tudun Najad ne, kimanin mita 600 sama da teku, a tsakiyar hamada, babu wani ruwa kusa da zai riƙe ɗumi idan rana ta faɗi. Daga wajen 7 ga Disamba, lokacin da mutanen Najad ke fara lissafin kwana arba'in na Marba'aniyya, dare kan sauko ƙasa da digiri 10, wasu shekarun ma har ya kusa sifili. Tsofaffin benayen unguwar Batha kuwa, inda baƙi ke haya, don zafi aka gina su: daɓen tayil, bango marar abin tare sanyi, da na'urar sanyaya ɗaki da aka cusa a taga, iska na kutsowa ta gefenta. Saboda haka mazaunin irin wannan ɗaki abin rufa iri biyu yake bukata. Yana bukatar marar nauyi na watanni masu yawa da ake kwana da na'urar sanyi a kunne, yana kuma bukatar abin da zai ɗora a kai idan hunturu ya kankama. Abin da nake son in tabbatar a nan shi ne, bargon auduga da aka haɗa da ƙyallaye aka tattake shi da ɗinkin hannu ya fi dacewa da wannan zama fiye da ƙaton bargon roba na kasuwa, kuma ingancinsa bai rataya a kan ado ko tsarin launi ba. A kan abu biyu ya rataya: irin yadin da aka zaɓa, da yawan ɗinkin da ya ratsa shi.

Hujjar farko da za a kawo mini ita ce ta araha. Barguna masu laushi da hoton damisa ko furanni sun cika shagunan Batha, me zai sa mutum ya ɓata makonni a kan abin da zai saya da riyal kaɗan? Maganar tana da ƙarfi, kuma ba zan ce bargon kasuwa ba ya ɗumi ba. Yana yi, har fiye da na auduga a daren da sanyi ya fi tsanani. Amma a duba tsawon lokacin da yake aiki. Wata biyu ne ko ƙasa da haka, sauran shekara kuma yana cikin jakarsa ya tare kan kabad a ɗakin da ko wurin ajiye akwati ana nema. Ba ya shiga ƙaramin injin wanki, don haka ko dai a kai shi shagon wanki a biya, ko a bar shi da dauɗar bara. Zarensa na roba ne, ba ya shan gumi, kuma a busasshiyar iskar Riyad yakan tara wutar da ke tartsatsi a jiki idan an juya cikin dare. Abin da ya fi damuna shi ne halinsa kusa da hita. Auduga ma tana cin wuta, kada wani ya ruɗi kansa, amma ita toka take zama, roba kuwa narkewa take ta manne wa fata. Bargon faci na auduga ana rufa da shi a watan Yuli ƙarƙashin na'urar sanyi, a Janairu kuma a haɗa shi da wani mayafi, ya shiga injin wanki ya bushe cikin sa'o'i, idan tafiya gida ta zo a naɗe shi a akwati bai ci kilo uku ba.

Hujja ta biyu ba a cika faɗinta a fili ba, amma ta fi ta farko tasiri a zuciyar Bahaushe: faci alamar talauci ce, kuma wanda ya zo neman arziki ƙasar Larabawa ba zai so baƙo ya ga tsummokara a kan gadonsa ba. Tarihinmu bai goyi bayan wannan kunya ba. Tarihin Kano ya ambaci Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, da cewa shi ya fara shigo da lifidi tare da kwalkwali da sulke. Lifidi kuwa ba wani abu ba ne illa yadi biyu da aka cusa audugar rimi a tsakaninsu aka bi da ɗinki layi-layi har ya iya tare kibiya, kuma sau da yawa fuskarsa yanka-yankan ƙyalle ne masu launi daban-daban. Har gobe 'yan lifidi na fitowa a hawan salla a Kano da Katsina da Zazzau, ba wanda ya taɓa kiran kayansu tsumma. Littattafan tarihin Musulunci sun ruwaito Sayyidina Umar yana halifa yana sa riga mai faci, mabiya Mahadi a Sudan kuma, tsakanin 1881 da 1898, jibba mai faci ce rigar da aka san su da ita. Maƙwabtan Bahaushe a Batha ma kowa da nasa. 'Yan Bangladesh suna da kanta, tsofaffin zannuwa da ake jerawa a bi da ɗinki fari sirara. Mutanen Sindh na Pakistan suna da ralli. Misirawa suna da layin masu ɗinkin tanti kusa da Bab Zuwaila a Alƙahira. A Amurka, bargunan da matan baƙar fata na ƙauyen Gee's Bend a jihar Alabama suka ɗinka da tsofaffin kayan aiki an rataye su a manyan gidajen adana zane a Houston da New York a 2002. Abin da ke raba tsumma da kayan ƙawa aikin hannu ne, kuma aikin hannu koyonsa ake.

Batha wuri ne da ya dace da mai wannan niyya. Tsohuwar cibiyar kasuwancin Riyad ce, ta bunƙasa tun shekarun 1940 a bakin wani kwari da ruwan sama ke bi, wanda yanzu titi ya rufe, kuma tafiya kaɗan ce daga ganuwar Masmak da kasuwar Zal. Layin shuɗi na jirgin cikin gari da aka buɗe a ƙarshen 2024 yana bi ta wurin. Ga wanda ya san Kantin Kwari, cunkoson yammacin Juma'a a nan ba zai zame masa baƙo ba, kuma wannan ne lokacin da bai kamata a je neman ƙyalle ba, domin tela ba shi da sukunin sauraron kowa. A je da hantsi a tsakiyar mako, a yi sallama, a nemi ragowar yanka cikin mutunci, a kuma yi tayin biya ko da za a ce a bar shi. Sha'aban da Ramadan, lokacin ɗinkin salla, su ne kakar ƙyalle. Amma mafi kyawun kaya galibi yana cikin akwatin gida: zanin atamfa da ya koɗe a tsakiya gefensa na nan garau, ragowar anko, rigar yaro da ta yi masa kaɗan. Bayan su sai zanen maza mai gida-gida da 'yan Bangladesh ke ɗaurawa, wanda ake sayarwa da araha a nan kuma mafi yawansa auduga ne, da tsohon jan rawanin Saudiyya, wanda ke ba bargo kyau idan an sa shi jefi-jefi, ko da yake saƙarsa sako-sako ce.

Tarkon da ke Batha shi ne farin yadi. Bahaushe ya saba ganin farin yadi ya ce auduga, alhali yawancin jallabiyoyin Saudiyya da yadin roba ake ɗinka su ko gaurayen roba da auduga, har da masu tsada na kamfanonin Japan irin su Toyobo, don kada su yamutse. Baƙin yadin abaya ma haka. Irin wannan yadi yana santsi a hannu, ba ya karɓar guga, bakinsa na zarewa, kuma ba ya tsukewa a wanki, alhali audugar da aka haɗa shi da ita tana tsukewa, sai bargo ya tattare ya yi ƙulu-ƙulu. Gwajin ba shi da wuya. A yanki ɗan siririn ƙyalle, a riƙe shi da hantsaki a kan kwanon ruwa, a kusantar da shi ga ashana. Auduga tana kamawa ta ci da warin takarda, ta bar toka mai laushi da ke murƙushewa. Roba tana janyewa daga wutar, ta narke, ta bar baƙin ƙwallo mai tauri. Gauraye yana nuna hali biyun, kuma shi ma a ajiye shi gefe. Shadda auduga ce ta gaske, amma saƙarta a matse take, allura na shan wuya a cikinta, don haka sai wadda ta tsufa ta yi laushi. Leshi da yadin riga mai miƙewa ba su da wuri a nan. Akwai kuma abin da ya wuce maganar inganci: duk ƙyallen da ke ɗauke da sunan Allah ko kalmar shahada, kamar korayen tutoci da mayafan da ke yawaita wajen bikin ranar ƙasa na 23 ga Satumba, ba a yanka shi, ba a kwana a kansa.

Kafin almakashi ya taɓa komai, sai an wanke. Sabuwar auduga tana tsukewa a wankin farko, tsohuwa ta riga ta gama nata, idan aka haɗa su ba wanki to rigimar a jikin bargo za ta fito. Launi ma sai an gwada shi: a jiƙa ƙyallen, a matse shi cikin farin tsumma, in ya bar shaida a ci gaba da ɗauraya shi shi kaɗai har ruwan ya fita fes. Ja da shuɗin baba irin na marinar Ƙofar Mata su suka fi zuba. Abin da aka samo daga gwanjo, ko a Haraj Ibn Ƙasim ko a wani wuri, a wanke shi da ruwan da ya kai digiri 60, domin wannan zafin ne ke kashe kuɗin cizo da ƙwansa, kuma gidajen haya masu cunkoso ba su rabuwa da wannan ƙwaro. A shanya a inuwa, a goge tun da sauran ɗan danshi.

Wanda zai fara, ya fara da murabba'i, ya bar taurari da kusurwa uku sai bargo na biyu. Ga lissafin abin rufar mutum ɗaya mai faɗin santimita 150 da tsawon 210. A yanka kwali mai kauri murabba'i, kowane gefe santimita 17. Santimita ɗaya ta kowane gefe ɗinki zai cinye, saura 15, ke nan gida 10 a faɗi, 14 a tsawo, jimla gida 140. Adadin yana da ban tsoro a kunne, amma idan aka auna, duka-duka bai wuce yadi huɗu da rabi na atamfa ba, wato bai kai turmi ɗaya mai yadi shida ba. A tuna a nan da mita ake sayar da yadi, kuma yadi ɗaya santimita 91 ne da 'yan kai. Wajen yanka akwai ƙa'ida ɗaya da ba a karya ta: gefen kwali ya bi zaren saƙa, a tsaye ko a kwance. Yadi ba ya miƙewa ta tsawonsa, yana ɗan miƙewa ta faɗinsa, amma ta karkace yana jawuwa sosai, kuma gida ɗaya da aka yanka a karkace ya isa ya karkatar da layi guda. A zana da alli ko guntun sabulu a bayan yadi, a cire bakin da kamfani ke rubuta sunansa, domin ya fi sauran tauri. A riƙa sake kwalin idan gefensa ya fara cinyewa. Milimita biyu a gida ɗaya ba komai ba ne, amma a gida goma sha huɗu sun kusa santimita uku.

Maganar launi ba zan daɗe a kanta ba, domin a nan ne mutane ke ɓata lokacin da ya kamata su ba ɗinki. Atamfa mai surutu ce, idan aka jera ta kusa da 'yar'uwarta ido ba ya samun wurin hutawa. A raba ƙyallayen kashi biyu, masu duhu da masu haske, a jera su ɗaya bayan ɗaya a ƙasa, a ja da baya a duba, a ɗauki hoto da waya don kada tsarin ya ɓace. Ya isa.

Haɗin fuska da keke ya fi sauri, amma hannu ma yana yi idan ana komawa baya da allura bayan kowane ɗinki huɗu ko biyar. A haɗa gida biyu fuska da fuska, a ɗinke a kan santimita ɗaya daidai. Manna ɗan tef a jikin keke a wannan nisa yana hana hannu yawo. A gama layi na gida goma, a kwantar da bakin ɗinkinsa duka zuwa dama da dutsen guga, layi na biyu kuma zuwa hagu, haka har goma sha huɗu. Amfanin wannan saɓani yana bayyana wajen haɗa layi da layi: bakunan suna cije juna, mahaɗar gida huɗu ta fito daidai, kuma kauri bai taru wuri ɗaya ba balle ya karya allura daga baya. A sa fil a kowace mahaɗa kafin a ɗinka. Guga a nan dannawa ake a ɗaga, ba a jan dutsen, domin ja yana buɗe yadi.

Sai ciki da shafi. Shafin baya ya fi fuska da santimita biyar ta kowane gefe, wato 160 da 220. Zanin gado na auduga ya wadatar, ko zane biyu da aka haɗa a tsaye. Cikin kuwa shi ke yanke hukuncin nauyi da ɗumi, kuma a nan ne nake ganin hanyar Bangladesh ta fi dacewa da Riyad fiye da ta Turawa. Turawa suna sa shimfiɗar auduga ko ta roba mai kumburi, su kuwa masu kanta tsofaffin zannuwa biyu ko uku suke jerawa. Ɗumi daga iskar da ta maƙale tsakanin yadi da yadi yake zuwa, don haka zane biyu masu laushi suna ba da abin da ake bukata ƙarƙashin na'urar sanyi, ba sa dunƙulewa a wanki, ba a kuma sayo su ba. Zanin gado mai gashi-gashi na hunturu ya fi su ɗumi kaɗan. Akwai kuma harami. Gidaje da yawa a ƙasar nan suna da shi ajiye bayan umara, guda biyu idan aka jera su gefe da gefe sun rufe bargon nan har da saura. Wanda ya keɓe nasa don wata niyya ya bar shi, wannan hakkinsa ne. Wanda kuma yake da fiye da bukata, ya gwada shi da ashana tukuna, domin ba kowanne ne auduga zalla ba, ya kuma san cewa mai kaurin tawul yana ƙara nauyi, yana gajiyar da yatsa. Audugar rimi ta lifidi kada a yi sha'awarta a nan: ba ta son wanki, tana guduwa ta taru a kusurwa.

Za a ce ɗakin haya ba shi da filin wannan aiki. Bayan jera launi, filin sau ɗaya ake bukatarsa, na awa biyu. A jingine katifa da bango, a share daɓe, a shimfiɗa shafi fuskarsa na kallon ƙasa, a manne gefensa da tef ya miƙe ba tare da an ja shi ba. A ɗora ciki, a shafe da tafin hannu daga tsakiya zuwa baki, sannan fuska. Daga nan a kama ukun da manyan ɗinki na wucin gadi da zare mai launin da zai fito, ko da fil mai makulli, tazarar tafin hannu tsakanin kowanne, ana farawa daga tsakiya. Wannan mataki shi aka fi rainawa, kuma duk wata tattara da za a gani a bayan bargo daga nan ta samo asali. Da an gama, bargo ya zama abin naɗewa a ɗora a cinya.

Yanzu aka zo ga aikin kansa. Abin da ke mayar da yadi uku su zama abu ɗaya shi ne ɗinkin da ya huda su duka, kuma darasin lifidi ke nan: ba kaurin auduga ne ya hana ta zubewa a jikin doki mai sukuwa ba, kusancin layukan ɗinki ne. Kowane layi yana raba nauyin da mahaɗar ƙyalle za ta ɗauka ita kaɗai, shi ya sa tsohon zane da ya kusa yagewa yake ƙara shekaru idan an tattake shi. A nemi zaren auduga mai ɗan kauri, irin na ɗinkin hula, da allura doguwa mai faɗin ido, da hular ƙarfe ta yatsan tsakiya. Duk ana samunsu a shagunan kayan teloli. Zaren kada ya wuce tsawon hannu daga yatsa zuwa kafaɗa, in ya fi haka sarƙewa yake. A ƙulla bakinsa, a soka allura ta fuska nesa kaɗan da inda za a fara, a fito da ita a wurin, a fizga a hankali har ƙullin ya shige ya ɓuya a ciki. Hannun hagu yana ƙarƙashi yana jin tsinin allura duk lokacin da ta huda, na dama yana lanƙwasa yadi yana ɗora ɗinki uku ko huɗu a kan allura kafin a ja. Tsawon kowane ɗinki wajen rabin santimita. Ƙanƙantarsa ba ta kai daidaituwarsa muhimmanci ba, kuma kada a ja zare har yadi ya tsuke, ya dai kwanta. Layin farko a tsakiyar bargo yake, daga sama zuwa ƙasa, sauran su biyo ta dama da hagu, domin duk wani rarar yadi a kora shi waje. Tazarar layi kada ta wuce santimita biyar, wato layi uku a kowane gida. Wanda ya matso da su zuwa santimita biyu zai sami bargo mai ƙananan raƙuman ruwa a jikinsa, mai laushin da babu irinsa a shago, kuma ni a ganina wannan ƙarin wahalar ta cancanta a bargon jariri ko na tsoho.

Maganar lokaci lissafi ke warware ta. Layi 30 masu tsawon santimita 210 sun ba da mita 63. Idan sabon hannu yana cin mita ɗaya a minti ashirin, awa 21 ke nan, wato awa ɗaya bayan isha'i na mako uku. Wanda ya fara tara ƙyalle a Oktoba zai shiga Marba'aniyya da abin rufarsa. Mai keke zai ce ya gama wannan a wuni ɗaya, kuma gaskiya ne, sai dai keken gida yana jan yadin ƙasa fiye da na sama, sai shafi ya tattare, bargon kuma ya fito da tauri. In dole ne sai keke, a buɗe tsawon ɗinki, a sassauta dannawar ƙafarsa, a riƙa juya bargon ana fara layi ɗaya daga sama na gaba daga ƙasa.

Aikin zaune ne, kuma zama a Riyad ya riga ya yi yawa, saboda haka abin da mai ɗinki ke ci yana cikin sana'ar. Abokin hirar allura a nan shayi ne mai madarar gwangwani da sukari, da lemon kwalba, da soyayyar kaza da ake aikowa har ƙofa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi goma cikin ɗari na abincin yini, wajen giram 50 ga babba, cokalin shayi goma sha biyu. Gwangwanin lemo ɗaya ya cinye kusan kashi biyu cikin uku na wannan. Ba banza ba gwamnatin Saudiyya ta ɗora harajin kashi 50 a kan lemon gas a 2017, ta kuma wajabta wa gidajen abinci rubuta yawan kalori a 2019. Ciwon suga ya yi katutu a ƙasar, kuma ba ya tambayar fasfo. Abin da ya fi alheri yana nan a Batha da araha: wake dafaffe na ful da ɗan burodin tamis maimakon tulin shinkafa da dare, kindirmon laban marar sukari, kuɓewa da ganye a shagunan Indiyawa, inda akan dace har da zogale, da gero irin wanda ake nomawa a Jizan ga mai son kunu. A ci kafin a zauna, a wanke hannu da sabulu, domin maiƙo ba ya fita daga farin zare. Kusa da bargo ruwa kaɗai za a ajiye, kuma a sha shi, busasshiyar iska tana tsotse jiki ko da sanyi ake. Duk rabin awa a miƙe, a buɗe yatsu, a kai ido nesa. Fitila ta zo ta gefen hannun da ba ya riƙe allura.

Rufe baki shi ne na ƙarshe. A zare ɗinkin wucin gadi, a daidaita ciki da fuska da almakashi, a bar shafi ya zarce da santimita uku. A naɗe wannan rarar sau biyu zuwa fuska, a yi kalmasa da ƙananan ɗinki kusa-kusa. Wannan ita ce hanya mai sauƙi. Wadda ta fi ƙarko ita ce a yanka dogon ƙyalle mai faɗin santimita 7, a haɗa shi ya kai mita bakwai da rabi, a ninka shi biyu, a ɗinka a fuska a juya shi baya a kama da hannu. Baki shi ke fara cinyewa, kuma irin wannan ana iya ɓare shi a sa sabo ba tare da an taɓa jikin bargo ba.

Wanda hannunsa ya faɗa, za a fara ce masa ya yi na sayarwa. A nan sai a yi hattara, domin dokar ƙasar ba ta yarda mai iƙama ya yi sana'ar kansa a wajen aikin da aka ba shi izini ba, kuma hukuncin kan kai ga tara da kora. Na gida da na kyauta babu mai hanawa, kuma gwanintar ba a nan za ta ƙare ba, tana da kasuwa a Kano da Maraɗi ranar da aka koma. Wankinsa da ruwa mai ɗumi-ɗumi ne da sabulu kaɗan, ba bilic, a shanya shi a kan igiya biyu don nauyin ruwa kada ya ja ɗinki, a kuma shigo da shi da wuri a watannin Maris zuwa Mayu da guguwar ƙura ke tasowa. Kada a ajiye shi cikin leda. Tsohuwar rigar matashi ta fi. Idan wani gida ya huje, ba a farke komai: a yanka sabon ƙyalle ya fi ramin da santimita biyu, a lanƙwasa bakinsa, a ɗora, a kama shi da kalmasa, sannan a bi ta kansa da layukan ɗinkin da ke wurin tun farko.